Kwami Biyu a Rafin Dundaye

Ƙarar ruwa ce ta jawo wannan zance. Rannan ina zaune a tsakar gida ina tsintar shinkafa, autana ya zo ya tsuguna kusa da ni da waya a hannu, wai in taya shi dubawa. Shi da abokansa sun samu sabuwar sha'awa, ranar da babu aiki su tafi bakin rafi su wanke rairayi ko Allah zai sa su ga ɗan ƙyallin zinariya. Ba neman abinci ba ne, nishaɗi ne kawai irin na yaran yanzu. Kwamin wanki yake son saye, wanda ake zuba rairayi da ruwa a ciki ya tare zinariya, irin na ƙarfe da ake kawowa, ga su nan iri-iri cikin wayar, ya rasa wanda zai ɗauka. Idona bai ga abin kirki ba don ban ɗauko tabarau ba. Amma da ya taɓa wani hoto mai motsi, ruwa ya fara gudu a kan haƙarƙarin kwamin, cakal-cakal, sai na ji hannuna ya tsaya cikin faifai. Na ce masa ya sayi wanda ransa ya kwanta da shi, ya bar ni in ƙarasa aikina. Ban ƙarasa ba kuwa. Sai da kaji suka fara hawa faifan sannan na dawo cikin hankalina.

Bari in ba ku labarin daga farko, don ni ban iya gajarta magana ba.

A Gawon Nama na tashi, a gidan kakana na wajen uba. Lokacin unguwar ba ta cika haka ba, kana tsaye a ƙofar gidanmu kana hango gonakin gero. Kaka ɗan kasuwar hatsi ne, da shi aka san shi, amma kafin hatsi ya yi wata rayuwa da yawancin mutanen unguwa ba su sani ba. Yana saurayi ya bi wasu mutane zuwa ƙasar Zamfara wankin zinariya, ya yi shekaru can cikin rafuka har ƙafafunsa suka tsage. Bai dawo da dukiya ba. Abin da ya dawo da shi wata 'yar kwalba ce, irin ta turare, da ɗan garin zinariya a gindinta wanda bai cika ƙaramin cokali ba, sai kuma tsohon kwamin katako da ya jingine a zaure. Duk wanda ya shigo ɗauka yake na ba awaki dusa ne.

Da ya tsufa ya bar wa ƙannen Baba rumfar hatsi, sai abin ya dawo masa. Kowace shekara in damina ta ɗauke, gulbi ya fara ja da baya, zai sa mai amalanke ya kai masa kwamin wani ɗan rafi bayan Dundaye, ya wuni can yana wanki. Mutane na yi masa dariya, suna cewa yaushe aka taɓa jin zinariya a Sakkwato. Shi kuwa cewa yake ruwan nan daga duwatsun Zamfara ya biyo, ba zai zo hannu wofi ba. Wani lokaci ya dawo da ƙwaya biyu ko uku da sai ka karkata kwalbar a rana kafin ka gan su, wani lokaci babu ko ɗaya, kuma fuskarsa iri ɗaya ce a ranakun duka.

Ni ce 'yar zauren Kaka. Jikoki muna da yawa, amma ni ce mai gurza masa goro a magogi tunda haƙoransa suka tafi, ni ce mai ɗauko masa buta, ni ce kuma kaɗai yake bari in riƙe kwalbar in ya fito da ita daga aljihun ciki. Sauran yara ba su da haƙurin zama. Ni kuwa in dai magana ake, a bar ni nan har rana ta faɗi. Nakan ji labarin rafin da ya cinye masa takalmi, da na mutumin da ya haɗiye ƙwayar zinariya don kada a raba da shi, da yadda baƙin rairayi yake zama alamar an kusa. Tun ina da shekara bakwai nake roƙon ya tafi da ni Dundaye. Kullum sai ya ce hannuna bai isa ɗaga gwangwanin ruwa ba, in bari sai na kai goma. Na ƙirga daminar nan uku ɗaya bayan ɗaya. A shekarar da na kai goma ɗin ne wani mutumin Jos ya shigo zaurenmu.

Kafinta ne, Kirista, yana zaune a Sabon Gari da iyalinsa. Hatsi ya zo nema a gida ranar da kasuwa ta watse, aka ce ya jira a zaure. Ina nan zaune na ga ya tsaya gaban tsohon kwamin, ya sa yatsa yana bin gurbin haƙarƙarin, wato 'yan sandunan da ake gicciyawa a cikinsa su tare abu mai nauyi. Ya tambayi Kaka wa yake wanki a gidan nan. Ban taɓa ganin Kaka ya miƙe da sauri irin na ranar ba. Ashe mutumin a filin kuza ya girma, uwarsa da ubansa duk aikinsu ke nan, kuma wankin kuza da na zinariya kusan hanya ɗaya ce. Shekara nawa Kaka yana Sakkwato bai samu wanda ya kalli katakon nan ya san ko mene ne ba. Ranar goron da na gurza har ya bushe a tafin hannuna bai karɓa ba.

Daga nan kowace Asabar sai mutumin ya zo hira, kuma ba shi kaɗai ba, da ɗiyarsa. Tsarata ce, siririya, gashinta a aske irin na 'yan makarantar boko, ba ta da yawan magana. Hausarta irin ta ubanta ce, ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "ya zo" ne. A bayan idonta nakan kwaikwaye ta har yayyena su riƙe ciki. Ban tsane ta ba da farko, don ban ɗauke ta a bakin komai ba. Sai wata Asabar da Kaka ya sa aka kawo rairayi da ruwa a ƙwarya, ya jefa 'yan guntayen dalma a ciki, ya ce mu gwada juyawa. Ni na fara. Na juya da ƙarfi don in burge, rabin abin ya watse mini a zane. Ita kuwa ta karɓa ta tsuguna, ta riƙa karkaɗa ƙwaryar a hankali, tana ɗan karkata baki ruwa na fita da rairayi kaɗan-kaɗan, har ya zama babu komai a gindi sai dalmar nan a jere. A wurin kakarta ta koya, in ji ubanta.

Kaka ya kama hannunta ya juya shi sama da ƙasa, ya ce wannan hannu ya san aiki. Daga nan ya ciro kwalbar ya ɗora mata a tafi.

Kun ga wannan kwalba, ko Baba bai taɓa riƙe ta ba. Na zauna ina kallon yadda take karkata ta a rana. Tun daga ranar na fara ƙirga abubuwa. Sau nawa ya kalle ta yana magana, sau nawa ya kalle ni. Wa ya fara miƙa wa dabino. Akwai labarin da ya ba ta wanda ni ban taɓa ji ba, na wani kada a mashigin ruwa, na kwana biyu ina fushi da shi bai ma san ina yi ba. Goron ma sai na riƙa gurza masa da gari-gari don ya lura, bai lura ba.

Da ruwan sama ya fara ja, aka ɗaga tsohon kwamin don a duba shi, sai gindinsa ya zube. Gara ta gama da shi daga ciki. Mutumin Jos ya ce zai ƙera wani. Baba yana wurin, kuma Baba ma kafinta ne, ba ƙarami ba. Gadajen amare da kabad ɗin da ke rabin gidajen unguwarmu daga hannunsa suka fito. Bai taɓa damuwa da wankin Kaka ba, yana cikin masu ganin wahalar banza ce, amma a ce baƙo ne zai ƙera wa ubansa abu yana raye, wannan bai shiga kunnensa ba. Ya ce shi zai yi. Kaka ya kalli wannan ya kalli wancan, ina ganin abin ma daɗi ya yi masa.

"Kowa shi yi nashi," ya ce. "Wanda yar riƙe zinariya shi za ni ɗauka. Ɗiyar mai shi kuwa ita ka zuba min ruwa bana."

Wataƙila da wasa ya faɗi ƙarshen maganar. Ni dai ban ji ta a wasa ba. Wurin da na jira shekara uku ne aka ɗora a kan katako.

Baba ya yi kwana huɗu a kan aikin. Kaka ya auna masa tsawo da faɗi da igiya, ya nuna masa tazarar haƙarƙari da yatsu huɗu, ya ce a shimfiɗa tsohon bargo a ciki. Sannan ya ja masa kunne da magana ɗaya, ina tsaye na ji: kada ya sa masa komai, ba fenti ba wani abu, katako da ƙusa kawai. Bai faɗi dalili ba. Kaka ba mai faɗin dalili ba ne. Haka nan in zai tafi rafi ba ya cin ƙosai, kuma sai ya wanke hannu da toka har gwiwar hannu, ni duk a tunanina tsafta ce irin ta tsofaffi.

Kwamin Baba ya fito kamar a sa shi a ɗakin amarya. Kowane gefe a miƙe, babu kan ƙusa ko ɗaya a waje, katakon fari tas yana ƙamshin sabo. Ranar Alhamis mutumin Jos ya kawo nasa a ajiye a zaure, tunda daga gidanmu za a tashi. Da na gan shi sai da na yi dariya a ciki. Tsofaffin katakai ne na akwatunan kaya, wani baƙi wani ja, haƙarƙarin ma ba su daidaita ba, bargon kuwa duk faci. Na tafi cikin gida ina tsalle.

Kunnena ne ya ɓata mini wannan murnar. Ina dawowa da butar Kaka na ji mutumin yana gaya masa, ba da mugunta ba, a cikin hira kawai, cewa shi nasa ya jiƙa shi kwana uku a ruwa, don sabon katako shan ruwa yake, kafin ya kumbura ya haɗe baki sai ya yi ta yoyo. Kaka ya ce haka ne. Na kalli na Baba, fari, busasshe, ko ɗigon ruwa bai taɓa gani ba. Saura kwana ɗaya. Ban gaya wa Baba ba, don na san ba zai karɓi shawarar da ta fito daga bakin mutumin nan ba, kuma yarinya ba ta koya wa ubanta sana'a.

Amma na san abin da ake yi wa sabon katako don kada ya sha ruwa. Kowace ɗiya a gidanmu ta sani. In Inna ta sayi sabon akushi ko muciya, man gyaɗa take shafe su da shi, ta shanya, ta sake shafawa, sai ka ga miya ba ta shigarsu. Inna mai ƙuli-ƙuli ce, mai ba ya yankewa a ɗakinta. Ranar Juma'a da maza suka tafi masallaci, mata suka shige ɗaka saboda rana, na ɗebo mai a ƙaramin gwangwani da tsumma. Na naɗe bargon gefe, na shafe cikin kwamin tun daga kai har wutsiya, na bi kowane haƙarƙari, na cusa tsumman a kowace mahaɗa. Katakon yana sha ina ƙarawa. Da na gama na mayar da bargon na lulluɓe shi yadda yake. Wallahi a ranar gani nake babu ɗiyar da ta kai ni son ubanta.

Asabar da hantsi muka isa rafin. Har yanzu ina jin warin wurin, laka da ɗanyar ciyawa, da sanyin ruwa da ya kama mini idon sawu. Manoma na yankan shinkafa can nesa cikin fadama. Wannan ne zuwana na farko, kuma na riƙa kallon komai kamar nawa ne. Aka kafa kwamin biyu a kan duwatsu, kai sama wutsiya ƙasa, aka ajiye daro a ƙarƙashin kowace wutsiya don tare abin da ya kuɓuce. Kaka ya shimfiɗa takarda a cinya, ya juye garin kwalbar duka, ya raba shi biyu da gashin kaza. Baba ya ce masa me zai hana a gwada da dalma. Kaka ya ce dalma ba ta nuna halin zinariya. Ya cuɗa rabi cikin ƙwaryar rairayi ɗaya, rabi cikin ɗaya.

Da nasu aka fara. Mutumin Jos na zuba rairayi da hannu, ɗiyarsa tana zuba ruwa, ba yawa ba kaɗan ba, kwamin yana wannan ƙara tasa. Da aka gama aka ɗauraye bargon a ƙwarya, ta juya, ga garin nan ya kwanta a gefen baƙin rairayi kamar an zana shi. Kaka ya kwashe da gashin kaza ya mayar a kwalba, ya ce bai ga abin da ya ragu ba.

Sai namu. Baba ya naɗe hannun riga. Na ɗaga gwangwanin, kuma hannuna ya isa, ban zubar ba ko sau ɗaya. Kwamin bai yi yoyo ba ko ɗigo. Ruwa na gudu sumul, ina ta satar kallon Kaka in ga ko ya lura. Wadda ta lura da wani abu ita ce yarinyar. Na ga ta tsura wa daron ido. A saman ruwan akwai wani ɗan maiƙo yana juyawa, mai launi-launi kamar wuyan tattabara, yana cika yana bin bakin daron yana gangarawa rafi. Ta ɗago ta kalli zanena, inda mai ya ɗiga jiya, don shi ke nan zanen fitata. Ta kalli fuskata. Sannan ta mayar da kanta ƙasa.

Aka ɗauraye bargo aka juya, babu komai sai baƙin rairayi da ƙwaya biyu masu ɗan girma. Aka tace daron, babu. Sai daga baya na san abin da kowane mai wanki ya sani, cewa garin zinariya in ya taɓa maiƙo ba ya nitsewa, tasowa yake ya bi saman ruwa. Rabin abin da Kaka ya tara tun yana saurayi ya wuce ta gabanmu muna kallo ba mu gani ba, kuma ni ce na zuba ruwan da ya tafi da shi.

Kaka ya ɗaga bargon, ya goga yatsa a katakon, ya kai hanci.

"Ba na ce maka kada ka sa mishi komi ba?"

Baba ya ce wallahi bai sa masa komai ba.

"Kada ka rantse. Idona ne ya tafi, hancina na nan."

A gaban baƙo ya faɗa, a gaban 'ya'ya. Mutumin Jos ya yi ƙoƙarin gyara zancen, ya ce wani katakon da mansa yake zuwa. Baba ya tsaya da hannun riga a naɗe, rairayi na bushewa a yatsunsa. Ni kuwa bakina a rufe. Ba tsoron duka ne ya rufe shi ba. Abin da na kasa shi ne in faɗa a gaban yarinyar, ta ji da kunnenta cewa ni ban san abin da ita ta sani tun tana goye ba. A hanyar dawowa Kaka ya ba ta kwalbar ta riƙe, ta ƙi karɓa, ta ce hannunta da laka.

Da yamma Inna ta kira ni ɗaka ta nuna mini kwalbar manta. Ta ce ta san inda ya tsaya jiya da safe. Daga nan sai ta ce in cire zanen ta wanke. Na jira a kira ni zaure, kwana ɗaya, kwana biyu, mako. Ba a kira ni ba. Kwamin Baba aka ja shi bayan gida, ya zama na dusar awaki da gaske.

Yarinyar ce ta zuba wa Kaka ruwa a shekarar, da ta gaba, da ta gaba. Kowace Asabar zan ji ƙarar amalanke a ƙofa, in ji muryarta tana gaishe shi, in ji shi yana amsawa da wata murya da a da tawa ce. Sau ɗaya ya ce in zo mu tafi tare, akwai wuri. Na ce kaina na ciwo. Ban yarda in tafi a matsayin 'yar rakiya ba. Ina nan ina gurza masa goro, bai canza mini fuska ba, amma labaran sun koma bakin rafi, in sun dawo ya gaji, sai barci. Tsakaninsa da Baba kuwa gaisuwa ce da abin da ya zama dole. Ko kujera ta karye a zaure, Kaka ba ya cewa a kira Baba, Baba kuma ba ya cewa a kawo. A shekara ta huɗu ƙafafun Kaka suka ƙi, kafin wata daminar ya rasu.

Na yi aure, na haifi 'ya'ya, Inna ma ta rasu, maganar tana cikina. Sai da Baba ya tsufa ya daina fita shago, wata rana na kai masa fura, muna zaune mu biyu a wannan zauren, na ce masa ni ce na shafa wa kwamin nan mai. Na ɗauka zai tambaya wane kwami. Bai tambaya ba. Ya ajiye ludayin a hankali.

"Uwarki ta ce min ita ce," ya ce.

Ashe tun daren ranar ta gaya masa haka, wai ta ga katakon ya bushe ta yi masa irin na akushi. Shi kuwa ba zai je gaban ubansa ya ce matata ce ta zubar maka da zinariya ba. Ya gwammace ya zauna da sunan wanda ya yi rantsuwar ƙarya. Ita ta rufa mini, shi ya rufa mata, Kaka ya tafi kabari yana ganin ɗansa ya yi masa ƙarya ido da ido. Baba bai yi mini faɗa ba. Ya ce da na faɗi tun tsohon yana da rai, da dariya kawai zai yi, don yaro ba ya laifi a wurinsa. Sannan ya ɗauki ludayinsa ya ci gaba da shan fura, ni kuma na rasa inda zan sa idona.

Yanzu rafin nan an ce gidaje sun kusa cinye shi, ban je na gani ba, ni ba mai fita ba ce. Zaurenmu ma an rushe an yi shaguna. Ɗiyar mutumin Jos tana nan a Sabon Gari, ta yi koyarwa har ta ajiye aiki, jikokinta sun fi nawa yawa. Kowace Sallah sai ta zo, in Kirsimeti ta yi ta aiko mana da shinkafa da kaza mu yanka da hannunmu. Ba ta taɓa ɗaga maganar zanen nan ba, ko da wasa, shekara kusan hamsin. Mutane na cewa ba su ga aminai irinmu ba, kuma gaskiya ne, in ta yi rashin lafiya ba na iya cin abinci.

Amma ku bari in gaya muku abin da ban gaya mata ba. In ta zo muka zauna, sai na yi dabara na ja hira ta koma kan Kaka. Ita kuwa sai ta saki jiki, ta ce ai akwai ranar da ya ba ta labarin yadda ya fara ganin kakarmu a bakin rijiya, ko ranar da ya yi mata waƙar da masu wanki ke yi in rana ta take, ta ɗan rera mini da wannan Hausar tata da har yau ba ta gyaru ba. Damina uku na maganarsa ke wurinta, ni ba ni da ko ɗaya daga ciki sai wanda ta ga dama ta ba ni. Ina sauraro, ina ƙara mata nama a kwano, ina cewa sai kuma me ya ce. In ta tashi tafiya na raka ta har ƙofa, na yi mata Allah ya kiyaye hanya da zuciya ɗaya. Ina dawowa in zauna, sai in ji ina cewa a raina, kakan wa ne ma tukuna?